Rugugin Salansar Manyan Motoci: Cuta Mai Magani

Duk wanda gidansa ke bakin hanyar Kano zuwa Zariya, ko ɗalibin da ke karatun dare a Samaru, ya san yadda tireloli da tankoki da tifofi ke raba mutum da barci. Mutane da yawa sun ɗauka haka Allah ya yi babbar mota, sai haƙuri. Wannan zato kuwa kuskure ne.

Injin gas yana fitar da hayaƙi da ƙarfin gaske. Aikin tukunyar salansa shi ne ta karɓi wannan hayaƙi, ta bi da shi ta cikin ɗakuna da bututu masu huji, har ƙarfinsa ya karye kafin ya fito. Idan tsatsa ta huda tukunyar, ko mai walda ya cire ta ya liƙa zallan bututu don arha, sai rugugin ya fito ɗanyensa. Abin ya fi muni a gangara, watau lokacin da direba ya kama birkin inji, wanda ke sako matsattsiyar iska ta cikin salansar.

Illar ba ta tsaya ga hana barci ba. Masana sun tabbatar cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 awa takwas kullum yana kashe ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. Direba da yaron mota su ne farkon shiga haɗari. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada ƙarar titi ta wuce desibel 45 da dare, saboda illarta ga barci.

Doka kuma ba rasa ta aka yi ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, aka fito da ƙa'idojin hana ƙara a 2009. Abin da ya rage shi ne zartarwa. Ya kamata ma'aikatan duba lafiyar motoci su riƙa duba salansa kamar yadda suke duba birki, a kuma hana kama birkin inji kusa da asibiti da makaranta, sai bisa larura.

Mai mota zai ce gyara da tsada. Gaskiya ne, amma ana sayar da salansa a kasuwa, kunne kuwa ba shi da kanti. Rigakafi dai ya fi magani.