Wasiƙa Zuwa ga Masu Juyar Faifan Kiɗa a Damagaram



Ina rubuto wannan takarda zuwa gare ku, ya ku 'yan'uwa da kuke zaune gaban kwamfuta a rumfunan Zango da lungunan Birni da gidajen rediyon Zinder, kuna juye tsofaffin kaset zuwa katin waya, domin in yi muku nasiha a kan wani aiki da jama'a suke yi wa kallon ƙarami alhali kuwa amana ce babba, wato ɗaukar dogon zaman kiɗa da aka naɗa a tashi ɗaya, ko na hawan Salla ne a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ko na naɗin sarauta, ko na filin kokawa, a rarraba shi waƙa-waƙa yadda mai sauraro zai tsallaka zuwa wadda ransa yake so. Buƙatar halal ce, don ba kowa ne yake da sukunin zama sa'a biyu yana jiran waƙa guda ba.

Abu na farko ba ya buƙatar dogon bayani: kada ku taɓa asali. Ku juye kaset ɗin gaba ɗayansa a siffar WAV, wadda ba ta zubar da kome daga sautin, ku ajiye shi a wuri biyu, sa'an nan ku yi yanka a kan kwafi. Siffar MP3 takan rage sauti ne don ta yi sauƙin ɗauka, kuma duk sa'ad da aka buɗe ta aka sake matse ta sai wani abu ya ƙara zubewa. Saboda haka ita ce ta ƙarshe a aiki, sau ɗaya tak.

Inda magana take da nauyi shi ne wurin da za a sa wuƙa. Manhajoji irin su Audacity suna da dabarar neman shiru, su sa alama a duk inda sauti ya faɗi, kuma wannan dabara tana da amfani ga faifan da aka yi a ɗakin naɗa sauti, inda ake barin tazara tsakanin waƙa da waƙa. Amma makaɗin fada bai san wannan tazara ba, domin kafin 'yan amshi su sauke numfashi daga gindin waƙar da ta ƙare, mai ganga ya riga ya juya hannu zuwa wani take, maroƙi yana ta zuga, mata suna rangaɗa guɗa. Shirun da na'ura za ta samo kuwa, sau da yawa a tsakiyar waƙa yake, inda makaɗi ya dakata da gangan don sunan da zai ambata ya faɗo da ƙarfi. Alarammomin tsangayunmu sun daɗe da sanin cewa tsayawa ilmi ce mai zaman kanta, har malaman tajwidi suka keɓe mata babi, waƙafi da ibtida'i, saboda wanda ya tsaya a inda bai dace ba yana iya juya ma'ana ko da bai canza harafi ɗaya ba. Ba ina daidaita waƙa da Littafin Allah ba ne, hasha. Ladabin aikin nake so ku ara.

To, ku saurari abin da yake faruwa a tsakanin waƙoƙi biyu, ku ga ko shara ce kamar yadda wasu suke zato. Makaɗi ya kai ɗan waƙa na ƙarshe, 'yan amshi sun maimaita gindi sun sauke. Sai sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta cewa wane ɗan wane ya ba da riga ko doki ko kuɗi kaza, ya jero masa iyaye da kakanni, kakaki ya amsa daga gefe, sa'an nan kiɗa ya sauya. A cikin wannan minti guda ne ake jin wanda ya halarta, da sarautar da yake riƙe da ita ran nan, da yadda aka danganta shi da Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya rasu a 1884, ko da Amadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka ci garin a zamaninsa a 1899. Mai bincike da zai zo bayan shekara hamsin, da wannan minti zai gane shekarar da aka yi taron, ko da an manta a rubuta ta a jikin kaset. A ganina hukuncin a fili yake: guɗa da shelar kyauta na waƙar da ta gabata ne, don ita ta jawo su, take da kirarin buɗewa kuwa na waƙar da ke tafe ne, don su ne sallamarta. Idan kirari ya yi tsawo har ya tsaya da ƙafarsa, ku ba shi lamba tasa, kada ku jefar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa na hannu. Ku faɗaɗa hoton sautin a allo har ku ga igiyarsa tana hawa da sauka, ku yanka daidai inda ta ratsa layin tsakiya, in ba haka ba za a ji ƙas a kunne. Ku bar numfashin da makaɗi ya ja kafin kalmar farko. In za ku buga faifan CD, wanda ba ya ɗaukar fiye da waƙa 99 ko abin da ya wuce kimanin minti 80, ku cire shirun daƙiƙa 2 da manhaja takan cusa da kanta, don taron ya gudana yadda ya gudana. Kaset mai lamba 60 minti 30 yake ci a kowane gefe, mai lamba 90 kuwa minti 45, shi ya sa za ku tarar waƙa ta yanke a tsakiya lokacin da mai ɗauka yake juya shi. Kada ku liƙe ɓangarorin biyu da wayo kamar ba abin da ya ɓace, ku bar giɓin a fili ku rubuta cewa a nan aka juya kaset.

Daga nan sai isnadi. Fayil da aka sa wa suna "waƙa ta ɗaya" maraya ne, kuma da zarar ya bi wayoyi daga Zinder zuwa Magarya, ya ƙetara Daura ya isa Kano, sai a jingina shi ga duk wanda sunansa ya fi tashe. Ba duk muryar fadar Damagaram ce ta Ma'azu Ɗan Alalo ba, ko da yake sunansa ne yake fara zuwa baki. Ku rubuta makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da wuri da munasaba, da mai kaset ɗin da kuka karɓa. Abin da ba ku tabbatar ba ku tambayi dattawan makaɗa tun suna raye, in ba a samu ba ku bar gurbin. Amma al'adar nan ta ɗora muryar tallar rumfa da lambar waya a kan waƙa, wannan kam ɓarna ce tsantsa, kuma zalunci ne ga mamacin da ba zai iya kare aikinsa ba.

Ina roƙonku, duk wanda ya gama juyar wani tsohon zama, ya mayar wa mai kaset da kayansa tare da kwafi cikakke, ya kai wani ga iyalan makaɗin, ya kuma nemi hanyar isar da na uku ga ma'ajiya irin ta cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai. Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam.