FILIN MATA: Allura da Duhun Ido

'Yan'uwana mata, akwai maganar da ke yawo a gidajen biki nan Malam Madori, wai allurar rigakafi tana makantarwa. To, ku saurara.

Can bayan ido akwai 'yan jijiyoyin jini sirara kamar gashi. In ɗaya ta toshe, sai gani ya dushe farat ɗaya, galibi a ido guda, ba ko zafi. Lalle an taɓa samun haka bayan allurar korona, amma da wuya ƙwarai. A 2023 likitocin Amurka sun duba mutum fiye da miliyan 3, suka tarar kamar 3 cikin 100,000 abin ya samu cikin mako 3. Manyan masu jawo shi su ne hawan jini, ciwon suga da tsufa.

Saboda haka in Inna ko maigida suka ce ido ya yi duhu, kada a tsaya ɗiga nono ko sa tozali. A tafi asibitin Haɗeja ran nan. Jinkiri ke kashe ido.

Allurar ƙyanda kuwa, kada ku hana 'ya'yanku, don ƙyandar ce ke makantar da yara. Allah ya kiyaye, amin.