Kafin a Sayo Sabuwar Kalkuleta, a Tambayi Ɗakin Jarrabawa

Duk farkon zangon karatu, a gidajen da ke da ɗalibi mai shirin jarrabawar SAT ko mai karatu a makarantar da ke bin manhajar IB, wata muhawara takan taso a kan kalkuleta mai zana giraf. Wadda yayansa ya gama da ita tana nan a aljihun tebur, lafiyarta lau, amma yaro ya ga abokansa da sabuwa mai allo mai launi, ya dawo gida yana cewa tasa ta tsufa. A Amurka, inda wannan na'ura ta yi kaka-gida a ajin lissafi fiye da shekara talatin, kusan kowane gida ya san wannan magana. A wajenmu ta tsiraru ce, sai dai kuɗin da ke cikinta ba na wasa ba ne: sabuwar TI-84 Plus CE takan haura dala 100, wato fiye da albashin wata guda na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ra'ayina shi ne a mafi yawan lokuta bai kamata a saya ba, kuma abin da ya cancanci yanke hukuncin shi ne dokar jarrabawar da ɗalibi zai zauna da irin darasin da ke gabansa.

Tarihin na'urar kansa ya isa hujja. Kamfanin Casio na Japan ne ya fara fitar da kalkuleta mai zana giraf, fx-7000G, a 1985. Texas Instruments ya shigo da TI-81 a 1990, sai TI-83 a 1996, sai TI-84 Plus a 2004, wadda har yau ake gani a azuzuwa. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta daga dangin Z80 take, wanda aka ƙirƙira tun 1976, kuma allonta ɗigo 96 ne a kwance, 64 a tsaye. A 2015 aka fito da TI-84 Plus CE mai launi, siririya, mai batirin caji, allonta ɗigo 320 a kwance, 240 a tsaye. Wannan ci gaba ne na gaske a wajen ido. To amma a wajen lissafi fa? Ɗalibi ya danna maɓallin Y=, ya rubuta x² − 4, ya danna GRAPH. A tsohuwar, layin zai fito baƙi, da ɗan kaushi kamar an jera tsakuwa. A sabuwar zai fito sumul da launin shuɗi. A duka biyun lanƙwasar za ta sauka zuwa −4, ta ratsa layin kwance a kan 2 da −2. Maɓallan da zai bi ya nemo waɗannan wurare iri ɗaya ne, a mazauni ɗaya, domin kamfanin da gangan ya bar tsarin yadda yake, don kada littattafai da malaman da suka saba da shi su rikice. Wanda ya ƙera sabuwar ma bai so ta yi nisa da tsohuwar ba.

Dalilin da ya sa farashinta ya ƙi sauka, alhali wayar hannu mai arha ta ninka ta ƙarfi nesa ba kusa ba, yana wajen hukumomin jarrabawa. Su ne suka amince da ita suka hana waya, malamai suka koyar da ita, masu wallafa littattafai suka buga hoton maɓallanta a shafukansu. Iyaye kuɗin izinin shiga ɗakin jarrabawa suke biya, fiye da kuɗin fasaha. Idan haka ne, tambayar farko ita ce: wane ɗaki ɗalibin zai shiga, kuma me aka yarda ya riƙe a hannu?

A nan ne sabuwa kan iya zama asara. Mafi tsada a cikin waɗannan na'urori su ne masu abin da ake kira CAS, irin su TI-89, TI-Nspire CX II CAS da HP Prime, waɗanda ke warware aljabara da kansu: ka ba su x² − 4, su maido maka da (x − 2)(x + 2) ba tare da ka ɗaga biro ba. Jarrabawar ACT ta daɗe da hana su, kuma hukumar College Board ta bi sahu ta hana su a SAT a 2025. Uban da ya ce bari ya sayo wa ɗansa "mafi kyau" ya biya kuɗi mafi yawa, ranar jarrabawa a tsayar da yaron a bakin ƙofa a ce ya ajiye ta. Haka kuma, tun da SAT ta koma kan kwamfuta, a ƙasashen waje a 2023, a Amurka a 2024, an saka kalkuletar Desmos mai zana giraf a cikin manhajar jarrabawar kanta, kyauta ga kowa. Ɗalibin Kano ko Abuja da ke shirin SAT ya fi buƙatar sa'o'in gwaji a kan Desmos fiye da sabon kwali daga shago. Wanda kuwa WAEC ce a gabansa, dokarta kalkuletar da ba a iya yi mata furogiram ta yarda da ita, kuma masu zana giraf duk ana yi musu. JAMB ma ba ta barin a shiga da kowace iri. Akwai ta kan allon kwamfuta. Ga mafi yawan 'ya'yanmu, ƙaramar kalkuletar kimiyya ta gaske, ba jabu ba, ita ce abin nema.

Masu goyon bayan sauyawa suna da hujjoji, kuma ba zan yi musu riƙon sakainar kashi ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ta launi. Idan aka zana layuka uku ko huɗu a allo ɗaya, a tsohuwar sukan cakuɗe, ɗalibi ya kasa gane wanne ne na wane lissafi, musamman inda suka haɗu. A sabuwar kowanne da launinsa, kuma allon yana da haske daga ciki, ana iya karantawa ko da ɗaki ya yi duhu. Ga ɗalibi mai raunin gani wannan kaɗai ya isa dalili, kuma a nan ina tare da su ba tare da ja ba. Ga sauran kuwa, tsohuwar tana da hanyar bambanta layuka: wani mai kauri, wani siriri, wani ɗigo-ɗigo. Minti biyar na koyo ne. Tambayoyin jarrabawa kuma da wuya su wuce layi biyu.

Sai hujjar sauri. Gaskiya ne sabuwar ta fi saurin zane, amma daƙiƙu ake magana. Abin da ke cinye lokacin ɗalibi a jarrabawa shi ne lalube: neman inda aka ɓoye umarni, gyara tagar giraf da ta fito fanko saboda bai daidaita iyakokinta ba, sake shigar da lissafi saboda ya manta baka guda. Hannun da ya shekara biyu a kan na'ura ɗaya ya san hanya ko ido a rufe. Wanda aka ɗauke shi daga TI-84 aka miƙa masa TI-Nspire wata guda kafin jarrabawa, an ba shi na'ura mai tsarin takardu da jerin zaɓuɓɓuka kamar ƙaramar kwamfuta, zai koma ɗan koyo a lokacin da ya fi buƙatar ƙwarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Batirin caji ma, da ake tallatawa a matsayin alheri, yana da fuska biyu a ƙasar da wuta ke ɗaukewa kwana da kwanaki. Tsohuwar TI-84 Plus ƙananan batura huɗu take ci, irin na rimot, waɗanda ke kan teburin kowane mai shago a unguwa. In sun mutu da safiyar jarrabawa, a cire a saka wasu. Ta caji in ta mutu sai an jira, kuma batirinta yana rauni da shekaru.

Akwai masu cewa sababbin suna koyar da rubuta furogiram da harshen Python, don haka jari ne na gaba. Niyyar tana da kyau, amma wanda ke son koyon Python da gaske zai fi samun biyan buƙata a kan tsohuwar kwamfuta mai cikakken allon rubutu fiye da ƙananan maɓallan da sai an danna biyu kafin harafi ɗaya ya fito. Ya kamata kuma a san cewa sabuntawa takan ƙwace wani abu: a 2020 Texas Instruments ya fitar da sabuwar manhaja ga TI-84 Plus CE wadda ta toshe furogiram ɗin da ɗalibai masu sha'awa ke rubutawa da harsunan Assembly da C, saboda fargabar satar amsa. Mutanen da suka shekara suna ƙera wasanni da kayan aiki a kan na'urar suka wayi gari an rufe musu ƙofa. Don fahimtar darasi a gida kuwa, GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 2001, da Desmos duk kyauta ne a waya, kuma suna barin ɗalibi ya ja lamba da yatsa ya ga lanƙwasa tana buɗewa tana tsukewa nan take. Na yarda waya tana ɗauke hankali, kuma wannan ne babban abin da kalkuleta ta fi ta. Sai dai tsohuwar kalkuleta ma ba ta da WhatsApp.

Saura wuraren da saye ya zama dole, kuma ba su da wuyar ganewa. Allo ya fara zubar da layuka ko maɓallai sun daina amsawa. Makaranta ta rubuta sunan wata na'ura takamaimai a takardar buƙatu, kamar yadda makarantun IB kan yi, saboda malami zai riƙa nuna matakai a kanta kuma wanda ke riƙe da wata daban zai riƙa zama a baya. Ko kuma ɗalibi ya shiga jami'a, malamin wani kwas ya ce a zo da mai CAS. Ko a nan ma, na-hannu mai lafiya daga ɗalibin da ya kammala tana yin aikin, muddin an kunna ta an gwada kowane maɓalli, an buɗe mazaunin batir an duba ko ya yi tsatsa, an kuma nemo sunanta a jerin na'urorin da hukumar jarrabawar ta wallafa na wannan shekarar, domin jerin yana canzawa.