Ƙayyade yawan oda: kare riba ko danne mai saye?

Manhajojin ciniki irin su Salesforce na bai wa kamfani damar yanka wa kowane yanki farashinsa, ya kuma kafa ƙa'idar taƙaita adadin kayan da dillali zai sara. Sau da yawa manufar ita ce hana shi saye inda ke da arha ya kai inda ke da tsada.

Sai dai wannan dabara na iya saɓa wa doka. A 2019, Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin giya na AB InBev tarar kimanin Yuro miliyan 200, kan laifukan da suka haɗa da rage wa wani dillalin Holan kaya don kada su tsallaka Beljiyam. Masu saye a Beljiyam ne suka riƙa biyan bambancin farashin.