Na'urar duba ƙarfen ƙashi: in sai da intanet, ba ta Darini ba ce

Wanda aka sanya wa ƙarfe a cinya a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, in ya koma Darini, a yankin Batsari da Safana, kowace komawa asibiti kuɗin mota ce da fargabar hanya.

A nan ne ƙananan na'urorin sikanin da ake jona wa waya, irin su Butterfly iQ da Philips Lumify, za su yi rana. Sautin da suke aikawa ba ya ratsa ƙarfe, don haka ba sa maye gurbin hoton ƙashi. Amma suna nuna ruwa ko mugunyar da ta taru a gefen ƙarfen, ma'aikacin lafiya ya san wanda zai tura Kano da gaggawa.

Sai dai zafin Afrilu kan haura digiri 40, waya ta ɗau zafi. Ƙurar hunturu kuma ta toshe ramin caji. A Satumbar 2021 ma an katse layukan waya a Batsari da Safana saboda matsalar tsaro.

Saboda haka masu haɗa manhaja su fara daga nan: ta yi aiki babu data, ba ta shan caji, ta adana hoto a waya, ta tura wa likita in sabis ya dawo.