Gansakuka a tafkuna da madatsun ruwa: daga ina gubar take fitowa?

Duk wanda ya taɓa kai shanu shan ruwa a tafki cikin watan Afrilu a yankin Gummi ko Bukkuyum ya san koren yauƙin nan da kan lulluɓe saman ruwa. Gansakuka ake ce masa, kuma akasari ba a ɗaukarsa bakin komai, sai a ture shi da ƙwarya a ɗebi na ƙasa.

Sai dai ba kowace gansakuka ce lami ba. Akwai wani nau'i da masana ke kira sayanobakteriya, wanda kan fitar da guba mai lalata hanta. Tafasa ruwan ba ya kashe wannan guba.

A watan Agustan 2014 an hana mutane kimanin 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku a birnin Toledo na Amurka, bayan da gubar ta ɓulla a tafkin Erie. A shekarar 2020 kuma hukumomin Botswana suka ɗora mata alhakin mutuwar giwaye fiye da 300.

Abin da ke ciyar da gansakuka shi ne abin da ke ciyar da gero da dawa, wato sinadaran da ke cikin takin zamani da kashin dabbobi, musamman fosfaras. Da damina ruwan sama kan wanke su daga gonaki zuwa rafuka, su kwanta cikin laka a gindin tafki. Illar ba ta bayyana nan take. Sai bazara ta yi, ruwa ya ja baya, ya ɗau zafi, ya daina gudu, sannan koren ya taso. Wannan kuwa shi ne lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa, mutane da dabbobi su koma kan ruwa guda.

Saboda haka ne madatsa ta fi kogi haɗari. Gulbin Zamfara yakan share abin da ya shiga cikinsa idan ya yi ambaliya, amma madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato tara ruwa aka gina ta ta yi, kuma duk abin da ya gangaro daga gonakin da ke sama da ita a cikinta yake zama.

Ba wai a daina zuba taki ba ne, domin ƙasar yankin ma yunwarsa take yi. Abin da aka gwada a wasu ƙasashe shi ne binne takin maimakon watsa shi gab da saukar ruwa, da barin ciyawa a bakin rafi, da ware wa dabbobi mashaya.

Babbar matsalar dai ita ce awo. A Yargalma da Dareta, a shekarar 2010, sai da yara suka yi ta mutuwa kafin ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce, inda daga bisani aka ƙiyasta rasuwar yara kimanin 400 a jihar. Ita dalma ido ba ya ganinta. Gansakuka kuwa a fili take, amma gwaji ne kaɗai ke bambance mai guba da marar guba.