Aski In Ya Zo Gaban Goshi

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani hali da ke kama masu tara kayan tarihi in sun kusa kammalawa. Ba daga nesa na hango shi ba, ni ma ya kama ni.

Tun ina aji ɗaya nake tara tsofaffin kuɗin Nijeriya na ƙarfe, waɗanda aka buga a 1959, kafin naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973. Iri shida ne: ɗari, kwabo, toro, sisi, sule da fataka. Ɗari da kwabo suna da huda a tsakiya. Toro yana ɗauke da zanen auduga, sisi koko, sule ganyen kwakwar manja, ita kuwa fataka, wato sule biyu, shukar gyaɗa ce a bayanta. Guda uku na fara samu a gindin adudun kakata, sauran biyu kuma na yi musaya da abokai. A lokacin nan abin wasa ne kawai. In na samu, murna. In ban samu ba, ko a jikina.

Amma da ya rage saura fataka kaɗai, sai al'amari ya juye. Na daina ganin biyar ɗin da ke hannuna, gurbin ta shida kurum nake gani a jikin kwalin da na jera su. Ina aji ina tunaninta, na kwanta ina tunaninta. Ashe gaskiyar Hausawa da suka ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Wannan hali ba na mutum kaɗai ba ne. Wani masani ɗan Amurka, Clark Hull, ya yi gwaji da ɓeraye a 1934, ya ga duk sa'ad da suka kusa isa wurin abinci sai su ƙara gudu. To, mu ma haka muke, sai dai ɓera abinci zai ci, ni kuwa ƙarfen da ba ya sayen ko ashana nake bi.

Ranar wata Asabar na ga fatakar a kasuwa, a tiren wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Wautar da na yi ita ce na ce masa, "Baba, ita kaɗai ta rage mini." Ya dube ni ya yi murmushi, ya faɗi kuɗin da ya kai kuɗin motata na komawa gida hutu. Fatakar da a ranar canji kwabo 20 ce kacal! Ban ga laifinsa ba. Ni na buɗe masa cikina, kuma ba fataka ya yi wa kuɗi ba, ƙishirwata ya yi wa.

Ra'ayina shi ne, mai tara kaya ya fi zama cikin hatsari a ƙarshen tafiya, ba a farkonta ba. Nan ne hankali ke gushewa, a taɓa kuɗin littafi ko a ci bashi. Saboda haka ina roƙon iyaye kada su raina abin, su ce shirme ne, domin daga kuɗin nan na san amfanin gonar da ƙasarmu ta yi tinƙaho da shi a da. Amma in sun ji yaro ya fara cewa "saura ɗaya", to lokacin ne za a ja shi kusa a tambaye shi nawa ya yi niyyar kashewa.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar faɗa. Da na juya na bar dattijon, tare da baƙin cikin sai na ji wani sanyi a raina. In na cike gurbin nan, me kuma zai kai ni kasuwa ranar Asabar? Kwalin yana nan a akwatina da gurbinsa, kuma makon jiya na ga fatakar tana nan a tiren Baba, mun gaisa, ban taya ba.